Sunan Da Ke Hannun Yurani

Sau uku nas ɗin ta kira "Doña Clemencia" kafin yayata Yurani ta ɗago kai. Tana zaune a bakin gado cikin rigar asibiti mai ɗauri ta baya, tana ƙoƙarin hango yatsun ƙafarta ta saman ciki. Da ta ankara da ita ake, sai ta amsa da ƙarfin da ya wuce kima, ta miƙa hannu aka ɗaura mata munduwar roba mai ɗauke da sunan majiyyaci. Nas ta ce ƙarfe goma sha ɗaya za a shiga da ita tiyata, ta fita. A lokacin tara ta ɗan gota.

Maganar sunan ba ta ba ni mamaki ba, na san da ita tun ana saura wata guda a haihu. Cikin da ke jikin Yurani na Doña Clemencia Arango ne da mijinta, waɗanda suka shekara goma sha huɗu suna neman haihuwa. Yurani ta ɗaukar musu ne bisa yarjejeniya da wani kamfani da ke hawa na uku a wani gini a unguwar Chapinero. Duk abin da na taɓa gani na kamfanin nan shi ne tebur biyu, da tukunyar fure, da wata mata mai suna Doña Marleny. A ƙasarmu wadda ta haihu ita ce uwa a takarda, kuma kafin a sauya sunan sai an je kotu, an yi gwaji, an yi watanni ana jira. Doña Marleny ta ce tana da gajeriyar hanya. Yurani za ta shiga wannan ƙaramin asibitin kuɗi da katin shaidar Doña Clemencia, jariri ya fito da sunan uwarsa tun ranar farko. Ita da Doña Clemencia dukansu gajeru ne masu zagayen fuska, hoton katin kuma ya tsufa. Katin Yurani na gaskiya yana cikin jakar Doña Marleny, wai don kada a rikice. Rabin kuɗin aikin sai takardar haihuwa ta fito da sunan da ake so, kuma da shi Yurani za ta zuba dakin, wato rufin siminti, a gidanta na Soacha da ke bayan gari, inda ita da 'yarta Salomé ke jera bokitai duk sanda hadari ya haɗo.

Ni kuwa na karanta aikin gwaje-gwajen asibiti a jami'a, shekara biyar, amma ban samu aiki ba. Ina zama a wani shagon fotokwafi kusa da ofishin shaidar takardu. Daga safe zuwa yamma mutane na miƙo mini katin shaida in buga musu gaba da baya, an ƙara girmansa da rabi, don babu ofishin da zai karɓa in ba haka ba. Ba na iya kallon mutane a ido, saboda haka katin nake kallo. Na saba karanta bayansa ba tare da na yi niyya ba: garin haihuwa, tsayi, rukunin jini.

Shi ya sa da na sunkuya zan gyara mata silifa, idona ya sauka a kan munduwar. A ƙarƙashin sunan aro an buga harafin A da alamar tarawa. Na buga katin Yurani ya fi sau ashirin. Jininta O ne mai alamar ɗebewa, wanda ba a cika samu ba, kuma in aka ƙara mata A zai iya kashe ta kafin a gane abin da ke faruwa. Tun wata na bakwai likita ya ce mabiyiya ta sauko ta tare hanya, dole a yi aiki, dole kuma a tanadi jini leda biyu. Na dubi cikin gwiwar hannayenta duka biyu. Babu auduga, babu alamar allura.

"Yaya, an ɗebi jininki yau?"

"Wa zai ɗeba? Marleny ta kawo komai a fayil, har da gwajin da ban san an yi mini ba." Ta kalle ni ta gefen ido. "Malama mai digiri, an fara ko? Faɗi, na ga bakinki yana motsi."

Na faɗa mata a hankali, ina kallon zanen gado. Na ce da alama wanda ya sake buga takardun da sunan Doña Clemencia ya kwafi rukunin jinin daga bayan katin matar, asibitin kuma ya yarda da fayil. Daga baya ta tambaye ni ko ba ƙa'ida ba ce a gwada jini kafin a ƙara wa mutum. Na ce ƙa'ida ce. Na kuma ce na yi wata shida ina koyon aiki a wani wuri mai kama da wannan, na ga yadda ƙa'ida ke zama idan mace na zubar da jini kowa yana gudu.

"Nelcy," ta ce, kuma ba kasafai take kiran sunana ba, "wata tara ina amai a bokitin tarar ruwan sama. Saura awa biyu. Ki rufa mini asiri ki yi shiru."

Na fita baranda. Doña Marleny na zaune da kofin baƙin kofi a hannu, tana nuna wa Doña Clemencia hotunan jarirai a waya. Doña Clemencia ta rungume jakar kayan jariri a ƙirji, ba ta ma kallon hotunan sosai. Na tsaya a gefe har Doña Marleny ta gaji da ganina, ta taso ta ja ni wajen taga. Ta saurare ni tana murmushi. Ta kira ni 'yata, ta ce sau goma sha ɗaya ta yi wannan aikin ba a taɓa ƙara wa kowa jini ba, likitoci tsoro kawai suke ba mutane. Sannan ta rage murya ta ce in tuna shiga asibiti da katin wani laifi ne, kuma idan magana ta fito, ba masu kuɗin da ke arewacin birni ake fara kamawa ba.

"Ke da kika yi karatu ai kin fi ni sani," in ji ta, ta gyara mini wuyan riga.

Na shiga banɗaki na wanke hannu, na sake wankewa. Na shirya jimla uku a raina da zan faɗa wa nas, ko wacce na gwada ta a madubi sai in watsar da ita. Ni ce wadda a jami'a na yarda a rage mini maki da in tsaya gaban aji. Na yi ta gaya wa kaina cewa wataƙila akwai wani a ɗakin gwaji da zai dage sai an ɗebi jinin, wataƙila ma ba za a buƙaci ledar ba.

Da na fito, wani mutum sanye da hular kwano yana ajiye akwatin sanyi a kan kantar nas. Ta buɗe ta duba, ta sa hannu a takarda. Daga inda nake na hango harafin A a jikin ledojin jinin, babba, baƙi. Agogon bango ya nuna goma da minti ashirin.

Na koma ɗaki na zauna a kujerar roba, jakata a kan cinya. Yurani na jan carbinta, ba ta kalle ni ba. Can sai ga likitar da ke sa barci ta shigo, wata dattijuwa mai furfura da ake kira Dakta Ospina, da allon rubutu a hannu. Ta yi tambayoyinta da sauri, kamar mai karanta jerin cefane: ko ta ci wani abu tun jiya, ko akwai maganin da jikinta ba ya so, ko tana da haƙorin roba. Sannan ta ce, "Jini A mai tarawa, haka ne, Doña Clemencia?"

Yurani ta matse carbinta. Ta dubi bango.

A cikin jakata akwai fotokwafin katinta guda ɗaya, wanda na buga don rajistar makarantar Salomé, gefensa ya ɗan yi baƙi na ajiye na sake wani. Tun safe na naɗe burodin cuku biyu a cikinsa. Na zazzage burodin a jaka, na miƙe takardar a kan gwiwata, na tashi na miƙa wa likitar. Maiƙo ya ɓata gefen hoton, amma bayan katin ya fito sarai, an ƙara girmansa da rabi.

"Ita ce wannan," na ce.

Dakta Ospina ta dubi takardar, ta dubi fuskar da ke kan gado, ta sake duban takardar. Ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera ta zauna daidai fuskar yayata ta ce, "'Yata, ni ba 'yar sanda ba ce. Ni ce zan riƙe numfashinki na awa guda. Wa zan riƙe wa?"

"Yurani Cuéllar Rojas," in ji Yaya, hawaye na gangaro mata zuwa kunne.

Likitar ta ciro almakashi daga aljihu ta yanke munduwar. Sai a lokacin na koma kujerata, na zauna a kan jakar, na murƙushe burodin.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. Aka ɗebi jini, aka mayar da akwatin sanyi, aka ɗaga aikin zuwa ƙarfe biyu saboda sai an nemo irin nata daga wani gefen birni. Dakta Ospina ta ce dole ta rubuta abin da ya faru, dole kuma a kira jami'ar walwala. Doña Marleny ta shigo tana magana ƙasa-ƙasa, tana cewa kuskuren mai buga takarda ne, za a iya gyara harafi ɗaya a bar sunan yadda yake. Ba ta lura Doña Clemencia ta biyo ta ba, tana tsaye a bakin ƙofa da jakar jariri.

Doña Clemencia ta tambayi likita abin da zai faru da ba a gane ba. Likitar ta ce wataƙila da an kama a ɗakin gwaji, wataƙila kuma da ba a kama ba, ita dai ba ta shiga tiyata da wataƙila. Matar ta ajiye jakar a ƙasa, karo na farko tun safe.

"Katina ne," ta ce. "Ni na ba da shi da hannuna. A rubuta haka, a fara da sunana."

Doña Marleny ta ce ai kotu za ta ci wata shida, yarinya kuma za ta fito da sunan wata. Doña Clemencia ta ce ta jira shekara goma sha huɗu.

An shiga da Yurani biyu da kwata. Na zauna a baranda, Doña Clemencia a ɗaya ƙarshen bencin, mijinta Don Hernán na kai da komo yana waya da lauya. Wajen uku aka fito da jaririya, ja, mai gashi da yawa, aka wuce da ita ɗakin jarirai. Doña Clemencia ta miƙe kamar za ta bi, sai ta koma ta zauna. Ba ta tashi ba sai da Dakta Ospina ta fito bayan huɗu, ta cire hular kanta, ta ce an yi zubar jini kamar yadda aka zata, an ƙara leda ɗaya da rabi, kuma Yurani tana lafiya. Likitar ta dube ni ta ce ko ina neman aiki. Na ce e, ina kallon takalmanta. Ta ce in daina naɗe abinci a takardun mutane.

Da Yurani ta farfaɗo, leɓɓanta sun bushe, sabuwar munduwa a hannunta. Ta ɗaga ta kusa da ido ta karanta a hankali, har alamar ɗebewar.

"Kin rushe mini dakin, malama," ta ce.

"Akwai bokiti a gidanmu. Zan kawo miki biyu."

Ta fara dariya, ɗinkin ya hana ta, ta zage ni da 'yar muryar da ta rage mata. Na ba ta labarin abin da Don Hernán ya ce, cewa lauya zai rubuta sabuwar takarda, za su biya ta kai tsaye ba ta hannun kamfani ba, kuma jami'ar walwala za ta dawo da tambayoyi ga kowa. Ta ce za ta yarda ranar da ta ga siminti. Abin da ya fi damunta katinta ne, don wayar Doña Marleny a kashe take tun la'asar, kuma ba a yi wa jaririya rajista sai da katin wadda ta haife ta.

Washegari da rana na kawo mata romon haƙarƙari da dankali a kula. Ta sha rabi, barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe kamar na Salomé. Ina zaune ina kallon ruwan da ke ɗiga a robar hannunta aka turo ƙofa a hankali. Doña Clemencia ce, da kayan jiya a jikinta, takalmanta sun jiƙe da ruwan titi. Ta tsaya a ƙarshen gado ta daɗe tana kallon Yurani. Sannan ta buɗe jaka ta ciro katin shaidar Yurani, wanda gefensa ya ɓare tun shekarar da ya faɗa injin wanki, ta ajiye shi kusa da kular, fuskar yayata na sama.

Na miƙe zan ba ta kujera. Ta girgiza kai, ta ja bargon ta rufe ƙafar da ta fito waje, ta fita, ta ja ƙofar har ta rufu ba ƙara.