Bugu Daga Cikin Akwati

Kyanwa ake ce masa a wurin ɗaukar fim, don ko daga ina aka jefo shi, da ƙafa yake dira. Aikinsa shi ne shiga duk haɗarin da jarumin fim ba zai shiga ba. Jarumi ya sha tafi, shi ya sha targaɗe.

Wani tsohon littafin 'yan fashin teku ake mayarwa fim, an zo inda ake kulle jarumi a akwatin katako a jefa shi ruwa. Darakta ya haddace littafin tun yana yaro, ko waƙafi ba ya yarda a taɓa. Littafi ya ce jarumi yana dukan murfi ba fasawa, to Kyanwa ma haka zai yi. Ruwa na kai masa ƙirji, sai ya zare sakatar da kafinta ya sa daga ciki ya fito.

Aka fara sauke akwatin da igiya cikin tankin ruwa. Sanyi ya kama ƙafafunsa, ya hau ciki, ya kai ƙirji. Ya ja sakata. Ko motsi. Katakon ya sha ruwan gwaji tun safe, ya kumbura ya danne ta.

Ya sake ja da ƙarfi, a banza. A aikinsu, wanda ya shiga matsala bugu yake yi a cece shi. Ya shiga bugu da hannu da gwiwa, yana ihu, "Ku buɗe! Wallahi da gaske nake!"

Ta cikin katako ya jiyo muryar darakta cike da murna: "Haka nake so! Ku ci gaba da saukewa!"

Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya rufe shi. Duk bugun da ya ƙara, ƙara musu daɗi yake yi. Ruwa ya taɓa haɓarsa. Sai ya dunƙule hannuwansa a hammata, ya manna hanci a murfi, ya yi tsit. Ruwa ya shiga kunnuwansa.

"Ku tsaya! Wa ya ce ya daina? Ku ɗago shi!" in ji darakta.

Da ƙarfe aka ɓalle murfin. Kyanwa ya kife a bakin tanki yana aman ruwa.

Darakta ya durƙusa ya dafa kafaɗarsa. "Haba Kyanwa, ka ɓata mana a ƙarshe. Amma kafin nan, wallahi ba ka taɓa wasa mai kyau haka ba. Sha iska, mu sake."