Ramin Babban Yatsa

Ni Nasiru, shekara ashirin ina sassaƙa a Ƙofar Durbi, kuma ban taɓa yarda kaya ya bar hannuna da kaushi ba. Shi ya sa da Baba Yari mai goge ya kawo mini gogensa da karyayyen wuya, na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

"Ran Asabar za a kai ɗiyata Nafisa ɗaki," in ji shi. "Tun tana goye na yi mata alkawarin ni zan yi mata kiɗi. Ka ga idon ya tahi, hannun kaɗai ya rage mani."

Na samo busasshen icen marke, na fafe shi da gizago, na bi da wuƙa, na kankare da fasasshiyar kwalba har ya yi sumul kamar ƙwai. Tsohon wuyan kuwa na wurga shi kwandon shara, don duk ya lotse ta gefe guda. Na ɗaura sabon a jikin ƙwaryar, ina jin kaina.

Ran Alhamis da hantsi ya zo. Ya ja tsirkiya, ya goga, sai wani irin ƙara ya fito wanda ya sa kajin maƙwabta suka watse. Ya sake gwadawa, bai canza ba. Raina ya ɓaci, na ce ko tsufa ne ya taɓa yatsun.

"Yatsuna lahiya lau," ya ce. "Gidansu ne ka rushe. Ina tsohon icen?"

Na tono shi daga shara ina jin kunya. Ya kama hannuna ya ɗora a kan lotsewar nan da na raina. Ashe babban yatsansa ne ya ci wurin, kuma daga nan sauran yatsun ke gane inda za su sauka.

Na daka gawayi na shafa masa a yatsa, na ce ya riƙe sabon wuyan yadda ya saba. Inda baƙi ya zauna na kankare. Ya sake riƙewa, na sake kankarewa. Muka yi ta yi, yana tsokanata wai yau an ga kafinta yana ɓata aikinsa da hannunsa. Gaskiya ya faɗa, kuma daɗi nake ji.

Ana kiran la'asar yatsan ya zauna daram. Ya goga, gogen ya yi magana, har mai shayin tsallake ya tsaya da buta a hannu.

"Shekara arba'in na yi ina haƙa ramin nan," ya ce, "kai ka gama shi a wuni guda."

Na ɗauko tsumma zan goge baƙin gawayin da ke jikin wuyan, sai ya riƙe mini hannu.

"Bar shi. Ni ba gani zan yi ba, amma Nafisa za ta gani."