Lamba Ta Huɗu

"Sunaye goma sha bakwai," in ji Malam Halliru, "kuma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa naɗe kurkunu a tsinke."

"Kawu, ba ni na zaɓe su ba."

"Kai dai ka buga su."

Falalu bai ɗago kai daga tafireta ba. Shekararsa biyu da barin makarantar Midil ya zama akawun ɗakin magani na Kazaure, kuma duk ƙasar nan babu wanda ya kai shi iya tsara takarda. Ya san da haka. Likita Bature ma ya sani. Shi ya sa da zai fita rangadi Babura ya bar masa rubutun da ya yi a kan ciwon kurkunu, shafi goma sha biyu, ya ce a buga shi tsaf, a sa shi a motar wasiƙu ta Kano yau da la'asar, daga can ya wuce wurin masu mujallar likitoci a Ikko.

Shafin ƙarshe ne ya jawo rigimar. A nan ake jera sunayen waɗanda aka ɗauko magana a wurinsu, kowa da lambarsa. Duk inda aka kawo maganar mutum a cikin rubutun, sai a ɗora lambar tasa a saman layi. Malam Halliru, malamin asibiti kuma yayan mahaifiyar Falalu, ya duba jerin sau biyu bai ga kansa ba. Shekara tara ya yi yana bin ƙauyukan Roni da Gwiwa, yana rubuta a littafinsa wanda kurkunu ya kwantar, da kududdufin da ya sha, da watan da abin ya fito. Likita ya ari littafin wata guda. Abin da ya rubuta a shafi na uku shi ne, "kamar yadda rajistar ɗakin magani ta nuna."

"Rajista ce ta taka zuwa Gwiwa?" in ji Malam Halliru. "Ƙafa gare ta?"

"Su waɗannan an buga nasu a maɗaba'a, Kawu. Akwai shekara, akwai juzu'i, akwai shafi. Naku da hannu kuka rubuta."

"Kurkunun ma da hannu na ciro shi. Kai da aka sa ka a allo kafin boko, ka manta? A zauren Malam in ka kawo magana sai ka faɗi wanda ka ji a bakinsa, da wanda shi ya ji a bakinsa. Ashe Turawan naka ma sun san wannan. A kaina ne kawai suka manta."

Ya saɓa tawul a kafaɗa ya fita wurin marasa lafiya. Daga bakin ƙofa ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam Tafireta."

Falalu ya ɗaga kai. Takardar dokokin mujallar tana manne a bango gabansa. Likita da kansa ya manna ta, ya ce abin da ta faɗa shi za a bi, ko da ya saɓa wa nasa rubutun. Falalu ba sai ya karanta ba, ya haddace ta. Doka ta bakwai ta ce aikin da ba a buga ba yana iya shiga jeri, muddin an sa sunan mai shi da shekara, aka kuma nuna cewa ba a buga ba. Tun jiya ya san da ita.

Aikin yake gudu. Maganar rajista ta zo ne bayan lamba ta uku. In Kawu ya shiga, shi ne na huɗu. Na huɗu ya koma na biyar, na biyar ya koma na shida, har ƙasa. Wuri hamsin da ɗaya lambobin suka fito a cikin rubutun. Ba a gogewa, domin akwai kwafi biyu na takardar kabon a ƙarƙashin kowace takarda, kuma masu mujalla ba sa karɓar shafin da aka kankare. Shafi goma zai sake daga farko.

Ya leƙa inuwar bishiyar maina da ke tsakar gidan. Hantsi ya ɗaga. Ya zare takardar da ke cikin tafireta, ya jera sababbi uku da kabon a tsakani.

Da fensir ya fara. Ya bi tsohon bugun yana soke kowace lamba, yana rubuta sabuwa a gefe, ya ƙirga sau biyu. Sannan ya hau bugu. Duk inda lamba ta zo, sai ya murɗa abin naɗin takarda rabin layi da hannun hagu, ya buga, ya mayar. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Azahar kaɗai ta tashe shi, ya yi salla a bayan ofis ya dawo, tuwon da aka aiko masa daga gida yana nan a rufe.

A shafin ƙarshe ya tsaya kaɗan. Dokar ta ce a fara da sunan zuri'a, sai waƙafi, sai harafin farko na sunan yanka. Kawu ba shi da sunan zuri'a. Ranar da hukumar En'e ta ɗauke shi aiki an tambaye shi garinsu, aka rubuta Halliru Roni, haka yake a kowace takarda. Falalu ya buga abin da doka ta ce.

Ana kiran la'asar masinja ya tsaya a ƙofa da jakar wasiƙu. Malam Halliru ya shigo yana goge hannu, warin maganin aidin na binsa. Falalu ya miƙe tsaye, ya ba shi shafin da hannu biyu.

Malam Halliru ya sa tabarau, ya bi jerin da yatsa, ya kai ƙasa, ya dawo sama.

"Yanzu sha takwas ne. Ina nake?"

"Ga ku nan, Kawu. Lamba ta huɗu."

"Roni, H." Ya maimaita a hankali. "Wannan ai gari ne."

"Haka suke yi wa kowa. Ku dubi na uku, ku dubi na biyar. Ko ɗigo ban kauce ba."

"Su sunan ubanninsu ne a gaba. Ni an sa mini duwatsu da kasuwa. A layinmu kaɗai akwai Haruna, akwai Hamisu, akwai Habu mai tsire."

"Mota fa ba ta jira," in ji masinja.

Falalu ya karɓi shafin, ya haɗa shi da sauran, ya daidaita bakinsu a kan tebur, ya zura a ambulan. Aikin daidai yake, ya tabbata. Ya liƙe, ya miƙa.

Malam Halliru ya cire tabarau, yana kallon masinja yana ɗaure bakin jaka.

"To in wani ya karanta, ya taso daga Ikko har Roni," in ji shi, "wa zai ce yana nema?"