Kayan Injiniya a Shagon Aski

"Ɗakin bayan nan nake so ka ara mini, Kawu," in ji ɗan ƙanwata, yana leƙa ƙofar kamar mai neman hayar gida. "Na ɗan lokaci ne, kafin ƙura ta lafa."

Ɗakin da yake magana a kai lungu ne a bayan shagon askina, mai ɗaukar katifa ɗaya da bokiti, inda nake miƙe baya in rana ta take, shago ya yi shiru. Na ajiye almakashi na ce masa wace ƙura ce kuma.

Injiniya muke ce masa, ko da yake a kantin magani yake aiki. Tun yana ƙarami rediyon gida ba ta kwana lafiya a hannunsa, da ya girma kuma duk sabuwar na'urar da ta fito sai ya ga cikinta. Ya cika ɗaki guda a gidansa da su. To, matarsa, malamar makaranta ce, tana da ciki, haihuwa ta matso, ta ce ɗakin nan na jariri ne. Ko ya sayar da tarkacensa da kansa, ko ta kira mai sayen tsofaffin kaya ya kwashe a auna masa a kilo. Shi kuwa ya riga ya ce mata ya sayar.

"Ka yi ƙarya ke nan, kana neman inda za ka ajiye ta," na ce.

"Ba ƙarya ba ce, Kawu, jinkiri ne. In ta gano, wallahi a kilo za su tafi. Ka san ta."

Na san ta. Na ce ya kawo, amma da sharaɗi: duk abin da ya shigo shagona zai yi aiki, ni da masu zuwa aski mu mora, don ba na ajiyar abin da zai zauna yana kallona ina kallonsa. Ya ce ya yarda, sai dai ledar da ke manne a fuskar sabon abu ba mai ɓare ta sai shi. Muka tafa.

Washegari aka sauke kwalaye har katifata ta koma tsaye jikin bango. Daga ranar, kullum ya tashi daga aiki sai ya biyo shago, ya ciro abu ɗaya, ya tsaya gaban madubi ya yi wa jama'a bayaninsa. Ashe abin da yaron nan ya rasa a duniya masu saurare ne. A shagon aski kuwa mutum yana ɗaure da ƙyalle a wuya, reza a ƙeyarsa, ina zai gudu?

Ya fara da wata fanka da ake ratayawa a wuya. "Iskarta ba laifi," ya ce, "amma batirinta alkawarin tela ne. An rubuta yini guda, kafin ka gama gaisawa ya mutu." Telan da ke maƙwabtaka da ni yana zaune a benci, ya ce a bar shi ya ji da zafin da ke damunsa. Sai ga wani kofi mai riƙe zafin shayi, wanda Injiniya ya yaba ƙwarai, har ya ce shi ne abu mafi hankali da aka ƙera a bana, aibinsa ɗaya sai an yi masa caji kamar waya. Na ce ni a ƙuruciyata murfi ake sa wa kofi.

Na'urar shara ce ta fi tara mutane. Zagayayya ce kamar murfin tukunya, tana yawo da kanta tana lashe ƙasa. Ta shiga ƙarƙashin kujeru, ta zaga ƙafafun mutane, in ta yi karo da bango ta juya ba fushi. Sai dai wanda ya ƙera ta bai taɓa shiga shagon aski ba. Ba ta jima ba gashi ya shaƙe ta, ta tsaya tsakiyar shago tana kuka da muryar mace. Injiniya ya kwantar da ita a cinyarsa yana zaro gashi da tsinke, yana kare ta: "Laifin wurin ne, ba nata ba."

Akwai kuma lasifika mai amsa tambaya. Wannan ta jawo mini rigima da wani tsohon direba, wanda ya shekara yana cin gardamar ƙwallo a shagona da ƙarfin murya. Yanzu da ya buɗe baki sai wani ya tambayi lasifika, ta faɗi wanda ya ci da shekarar da aka yi wasan.

"Ku kashe munafukar nan," ya ce. "Ana hira tana kawo gaskiya. Wa ya sa da ita?"

Amma bai daina zuwa ba, saboda wata na'urar tausa da ke kwance masa kafaɗa. Mutane suka riƙa zuwa aski da gashin da bai isa aski ba. Ban hana kowa ba.

Ranar da abin ya fashe, Injiniya yana tsaye da wani tabarau mai ɗaukar hoto a fuskarsa, yana cewa nauyinsa ya yi wa hanci yawa, sai muka ji sallama. Matarsa ce, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da waya. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali, na ba ta kujera. Na'urar shara ta zo tana shinshinar takalminta.

"Kawu, wanda ya sayi kayan nan na zo gani," ta ce. "Ashe mutum ɗaya ne ya saye su duka, kuma a shagonku yake kwana."

Ta nuna mini wayar. Ashe Injiniya, don tsoron ɓarayi, ya manna wa kowace na'ura wani ɗan maɓalli mai nuna inda take, kuma shi da hannunsa ya haɗa su da wayarta tun bara, don ta ga iyawarsa. Ga taswira, ga kayan sun taru wuri guda kamar tururuwa a kan sukari.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya, murya ƙasa ƙasa.

"Tun ranar da motar ta sauke su. Cire abin nan daga fuskarka in kana magana da ni."

Ya cire. Ya dubi kwalayensa, na ga idon yaron ya kawo ruwa. Na gyara murya na ce, "'Yata, a yi haƙuri, laifin namu ne mu biyu. Kilo dai ya yi tsanani."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Kawu, da kilo nake so da tuni an auna. Ku ba ku san abin da na samu ba. Tun da ya fara zuwa nan nake cin abinci ba a yi mini bayanin batiri. Yana dawowa gida muryarsa ta ƙare, sai ya tambaye ni ya jikina. Ni ɗaki na nema, sai aka haɗa mini da kunnena."

Ta ce abin da ya kawo ta daban ne: ƙafafunta sun kumbura, tana son na'urar tausa. Tsohon direba ya miƙa ta kamar ana zare masa haƙori. Ta ɗauki fankar wuya ma. Sannan ta yanke hukunci: kaya ba za a sayar ba, amma ba za su koma gida ba har abada, nan ne mazauninsu. Ladan ƙaryar da aka yi mata kuwa, akwai sauran kwalaye a ƙarƙashin gado da saman kwaba, waɗanda Injiniya yake zaton ba ta gani ba, su ma gobe za su iso shagona.

"Na ɗan lokaci muka yi da shi," na ce.

"Da shi kuka yi, Kawu. Ni yanzu na zo."

Injiniya ya rako ta har bakin titi yana riƙe mata jaka, yana gaya mata cewa akwai wata na'ura da ke jin kukan jariri daga wani ɗaki. Ta ce ya je ya faɗa wa Kawu.

In an zauna lissafi, ita ta fi kowa riba: ga ɗaki, ga shiru, ga mai matsa mata ƙafa. Injiniya ya tsira da kayansa, ya kuma sami jama'ar da ba ta iya tashi ta bar shi. Direba ya yi asarar tausa da gardama a wata guda. Ni kuwa ciniki ya ƙaru, ba zan ɓoye ba, amma katifata tana nan tsaye jikin bango, barcin rana kuma a kan kujerar aski nake yinsa, a zaune.