Gwanin Iyon Kurfai

A duk ƙasar Kurfai babu wanda ya san teku kamar Kafaran Kailu, tsohon kofur. Aikin soja ya kai shi Furejus, garin shan iska a gaɓar Faransa, kuma tun da ya dawo Filinge bai bar kowa cikin jahilci ba. Kowace ranar kasuwa yana ƙarƙashin gawo yana bayani: dandalin dutse da Rumawa suka gina, jan masallacin da sojoji baƙar fata suka ɗaga da hannunsu, Nasara kwance a rairayi tsirara-tsirara, sun biya jirgi don rana ta ƙona su. Shi kuwa, in ji shi, kullum da safe sai ya yi iyo har garin ya ɓace masa.

Matarsa Dijatu ba ta taɓa musa masa ba, ko da yake ta san ko bakin rijiya ba ya leƙawa.

Daminar 1952 aka yi ruwa kwana biyu, tabkin bayan gari ya cika ya batse. Tunkiyar Magagi maƙwabcinsu ta zame ciki, ruwa ya ja ta tsakiya. Ba a tsaya shawara ba, aka aika a kira mai teku.

Kailu ya zo. Ya cire takalmi ya jera su, ya tambayi zurfin wurin, ya sake gyara takalmin. Dijatu na bayansa, tana kallonsa.

Ta cafke rigarsa. "Malam, Nasara sun ɗauke mini kai shekara bakwai, ban ce uffan ba. Ba ni ba tabki kai saboda tunkiya."

Ya umarce ta ta sake shi. Ya fizga, ya yi tsawa, amma a hankali, kada rigar ta kuɓuce mata. Suna haka tunkiyar ta nutse. Jama'a suka watse suna tausaya wa jarumin da Allah ya haɗa da mace mai taurin kai.

Washegari kasuwa ta ci. Kailu na ƙarƙashin gawo yana nuna da hannu yadda zai riƙo dabbar da an ƙyale shi, kamar yadda ake yi a Furejus. Dijatu ta bi ta bayan rumfuna, inda ba zai hango ta ba, tana jan tunkiyarta mai ciki zuwa gidan Magagi.