Ƙirjin Ciyaman Kefas

A shekarar 2006, Ƙungiyar Masu Awon Zuciya reshen Zuru tana da mutum tara. Su ne masu manna wa marar lafiya wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, su kunna inji ya zana bugun zuciyarsa a kan doguwar takarda, su miƙa wa likita. Su ba likitoci ba ne, kuma dokarsu ta farko ta faɗi haka: mai awo ya auna, likita ya karanta.

Shugabansu shi ne Kefas Manga, tsohon sojan asibiti, ɗan shekara hamsin da takwas. Shi ya kafa reshen. Shi ya koya wa bakwai daga cikinsu inda ake ɗora kowace waya. Shi kuma ya rubuta dokokin da hannunsa. Doka ta huɗu ta ce duk wanda ya sa sunan wani a kan takardar zuciyar wani, a kore shi, a aika sunansa hedikwata, a karanta laifinsa a gaban taro.

Kefas ya shekara shida yana karya wannan doka.

Ga yadda yake yi. A ƙasar Zuru da wuya ka shiga gidan da babu hoton soja a bango. In aka buɗe ɗaukar sabbi, samari sukan cika asibitin da Kefas yake aiki, kowa yana neman takardar shaidar lafiya, kuma sai an maƙala mata awon zuciya. Inji ɗaya ne, wuta tana zuwa tana tafiya, batirin ba ya kai awa guda. Sai Kefas ya riga kowa zuwa da safe, ya ja labule, ya cire riga, ya manna wa kansa wayoyin, ya bar injin ya zuba takarda mai tsawon gaba biyu. Ya sa almakashi ya yanka ta guntu-guntu. In yaro ya shigo, ya kwantar da shi, ya ɗora masa wayoyi don gani, ya ce tashi, ya rubuta sunansa a kan guntu ɗaya.

A ransa yana kiran wannan tausayi. 'Ya'yan abokansa ne, daga garinsu Manga da ƙauyukan kan tudu, kada inji ya hana su abinci. Ba tausayi ba ne. Mai tausayi ba ya tura yaro gudun mil goma da zuciyar da ba a auna ba. Akwai kuma alfahari a ciki, don likitoci sun sa hannu a kan zuciyarsa sau ɗaruruwa, kullum a ce lafiya lau. Har ya daina duba abin da injin yake zanawa. Yankawa kawai yake yi.

A watan Satumba aka kawo sabuwar likita, Dakta Basira. Ita ba ta sa hannu sai ta duba. Ranar wata Alhamis ta aika a kira mata Theresa, sakatariyar ƙungiyar, domin hatimin ƙungiya ne a bayan kowace takarda, babu sunan wanda ya auna.

Da Theresa ta shiga, likitar ta ɗauki guntaye biyu, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya, ta ɗaga su saitin taga. Zanen ya hau kan juna kamar layi ɗaya. Ta ƙara na uku. Haka.

"Talatin da biyu ne, Sista," in ji ta. "Samari talatin da biyu, zuciya ɗaya. Su waye suka yi aiki a ɗakin awo wancan mako?"

"Mutum uku ne, ranki ya daɗe. Ciyaman Kefas, da Aaron, da Malam Talle na Ribah da ya zo taya su."

"Samarin zan sa a dawo da su a sake auna su a gabana. Wannan mai sauƙi ne. Zo ki ga abin da ya sa na kira ki." Ta bi zanen da bakin biro. "Bugu. Bugu. Nan fa? Babu. Ta tsallake. Nan ma ta tsallake. Wannan ba zuciyar saurayi ba ce. Mai ita yana iya faɗuwa a kan babur, ko a gona, ko yana tsaka da cin tuwo. Akwai ɗan batir da ake sa wa mutum a ƙirji a manyan asibitoci, ya ƙara shekara ashirin. Amma ba zan rubuta wa takarda marar suna wasiƙa ba. Ki kawo mini mutumin ya kwanta, in auna shi da sunansa."

"In ya zo, an san shi ne ya yi ke nan."

"An sani. Ya zaɓa."

Theresa ba ta buƙaci bincike ba. Wata biyu ke nan tana ganin Kefas yana tsayawa a tsakiyar matakalar ofis, ya dafa bango, ya yi kamar yana duba agogo.

Ranar Juma'a da la'asar ta je gidansa. Ta same shi a ƙarƙashin mangwaro yana wasa lauje, don girbin dawa ya kusa. Matarsa Saloma ta kawo mata kunu, ta tsokane ta a kan ramar da ta yi, ta koma ciki.

Theresa ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta faɗa masa abin da likita ta ce, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Kefas bai daina goga laujen a dutse ba.

"Likitar nan shekararta nawa da gama makaranta?" ya tambaya.

"Baba, ba maganar shekarunta ba ce. Na ga takardar da idona."

"Kin gani, kin karanta? Me dokarmu ta farko ta ce?"

"Baba, kai ka koya mini aikin nan. Ka san na san abin da na gani."

"To, kin ga sunana a jiki?"

Ya gwada kaifin laujen da babban yatsa.

"Theresa, 'yata. Mutum biyu na kora da wannan doka. Michael har gidan nan ya zo, ya durƙusa inda kike, da matarsa da goyo. Na ce doka doka ce. Yanzu kina so in tsaya a gabanku a karanta mini ita? A faɗa a coci? Yaran da na tura bariki su ji?"

"Ina so ka rayu, Baba. Mama ta sani?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. "In kika faɗa mata, kada ki ƙara tako ƙofar nan. Sha kununki."

Ba ta faɗa wa Saloma ba. Wannan shi ne laifin Theresa, kuma ta san da shi har yau.

Taron wata-wata ya faɗo washegari, Asabar, da hantsi, a wani ɗaki bayan asibitin. Suna da al'ada: bayan addu'ar Kirista da ta Musulmi, sai a gwada injin a jikin ɗaya daga cikinsu, bi da bi, don hannu ya zauna. Ciyaman kaɗai ba ya kwanciya. Shi yake tsayawa a kan mai awo da sanda, yana nuna wayar da ta karkace. Tun kafa reshen haka ake yi, ba wanda ya taɓa ganin abin tambaya a ciki.

Da aka zo kan wasiƙu, Theresa ta miƙe ta karanta wadda Dakta Basira ta aiko wa ƙungiya tana neman mai takardar. Ta zuba guntayen talatin da biyu a kan tebur.

Malam Talle ne ya fara magana. Mutum ne mai saurin fushi, kuma shi ne baƙo a cikin ukun.

"To, kowa ni yaka kallo. Mi na yi? Don na zo daga Ribah? Wallahi ku kawo injin ga. Leah, taso ki manna mini."

Ya tuɓe riga ya hau gadon. Leah, wadda ita ce mai awon wannan rana, ta ɗora masa wayoyin. Kefas ya miƙe kamar kullum, ya nuna da sanda.

"Waya ta huɗu ta yi sama. Sauke ta."

Ta sauke. Injin ya yi ƙara, takarda ta fito. Theresa ta ɗora ta a kan guntu ɗaya, ta ɗaga saitin taga. Ba su yi kama ba ko kaɗan.

"Alhamdu lillahi," in ji Talle yana ɓalla maɓalli. "Ashe ina da sauran shan fura. Aaron, bisimilla, ko tsoro kaka ji a ga giyar da ka sha jiya?"

"Kai dai ka ji da goronka," Aaron ya ce, amma bai yi dariya ba. Ya kwanta. Tasa ma ba ta yi kama ba. Bugu bayan bugu, babu wanda ya ɓace.

Mutum uku suka yi aiki a wancan mako. An auna biyu. Babu wanda bai iya wannan lissafi ba a ɗakin. Aaron ya zauna yana kallon takalminsa. Leah tana tsaye riƙe da wayoyin, ba ta san ko ta ajiye ba.

Theresa ta ce, "Ciyaman, gadon yana nan."

Kefas ya koma kujerarsa a hankali. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, leɓensa ya yi fari. Ya ɗora sandar a kan tebur.

"Tun da aka kafa reshen nan, ciyaman ya taɓa kwanciya?"

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"In taro yana so a canza al'ada, wani ya kawo shawara, wani ya goyi baya, a ɗaga hannu. Haka muke yi."

"Na kawo shawara," in ji Theresa. "Ciyaman ya kwanta a auna shi yau, a kai wa likita."

"Wa ya goyi baya?"

A nan ne ƙungiyar ta yi abin da ta yi. Mutum bakwai, kowannensu ya san ma'anar bugun da ya tsallake, kowannensu ya taɓa ganin wanda aka kawo a makare. Amma Kefas shi ya sama wa wancan aiki, shi ya tsaya wa wannan a bikinsa, shi ya rufa wa wata asiri lokacin da ta ƙona inji. Ɗaga hannu yana nufin a tuɓe dattijo a gabansu, a karanta masa doka ta huɗu. Sai kowa ya sa hannunsa a cinya. Talle ma, da duk bakinsa, ya ɗaga nasa rabi, ya dubi fuskar Kefas, ya kai shi kan hula kamar gyara ta zai yi.

"Babu mai goyon baya," in ji Kefas. "Shawara ta faɗi."

Aaron ya yi gyaran murya, bai ɗago ba. "Ina ganin, Ciyaman, a rubuta wa likita cewa an bincika, ba a gano mai takardar ba. Wataƙila injin ne ya riƙe tsohon awo."

Inji ba ya riƙe tsohon awo, kuma duk sun san haka. Hannu bakwai suka tashi.

"Wannan ba ladabi ba ne," in ji Theresa. "Kashe shi kuke yi."

"Sakatariya," in ji Kefas, "rubuta abin da taro ya yanke."

Ta rubuta. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya, cewa sakatariya ba ta yarda ba.

Ranar Litinin ta kai wa Dakta Basira amsar, ta kuma faɗa mata sunan da baki. Likitar ta tare Kefas da kanta a ƙofar ɗakin awo, ta ce ba ruwanta da ƙungiya, ya shigo ta duba shi su biyu. Ya cire hula ya gode mata, ya ce lafiyarsa ƙalau, tsufa ne kawai. Ba a auna baligi da ƙarfi. Ta bar shi, amma ta hana shi taɓa takardun samari.

Ya jagoranci taron Oktoba. Ya yi dogon jawabi a kan riƙon amana, aka tafa masa. A taron ba wanda ya kwanta a gadon, ba wanda ya tambayi dalili.

A mako na biyu na Nuwamba ya ɗauki hutu ya tafi Manga girbin dawa. Da hantsi, yana tsakiyar kunya a gona, ya ce wa Saloma ta miƙo masa ruwa. Kafin ta juyo da gora ya zauna a ƙasa, sannan ya kwanta a gefe. An ɗauko shi a kan babur, mutum ɗaya a gaba, ɗaya yana riƙe da shi a baya. Da suka iso asibiti, Leah ce take aiki. Ta manna masa wayoyin, kowace a wurinta, ta rubuta sunansa a kan takardar. Layi ne miƙaƙƙe.

Ƙungiya ta yi anko a ranar jana'iza. Aaron, wanda ya zama sabon ciyaman, ya tsaya a bakin kabari ya ce marigayi ya shekara talatin yana aiki ba a taɓa kama shi da laifi ba. Gaskiya ya faɗa, ba a kama shi ba. Saloma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana riƙe hannunsu, tana gode musu da yadda suka girmama mijinta. Da ta zo kan Theresa ta ce, "Ko ciwon kai bai yi ba, 'yata. Haka kawai Ubangiji ya kira shi."

Theresa ta bar hannunta a cikin nata.