Hasken da ke Wuyan Reijo

Tuulikki ba ta yarda da likita mai yawan shiru ba. Wannan kuwa, Dokta Niskanen, ta daɗe tana kallon kwamfuta, hoton jikin Reijo, mijin Tuulikki, yana wucewa yanki-yanki kamar burodin da aka yayyanka.

Jiya aka yi masa allurar sukari mai ɗauke da sinadarin nukiliya, na'ura ta kama hasken da ke fita daga jikinsa ta kowace kusurwa. Inda jiki ya fi shan sukari, nan hoto ke haske, ciwon daji kuma mashayin sukari ne. Bara a wuyansa aka same shi. Yau ga wuyan yana haske.

"Ya dawo ke nan," in ji Tuulikki. "Ki faɗa mana kawai, mu ba yara ba ne."

"Ban ce ba. Dubi, dama da hagu daidai wa daida, har kafaɗu. Ciwon daji bai cika bin wannan tsari ba. Akwai wani kitse da ke ƙona sukari idan jiki ya sha sanyi. Reijo, ka ji sanyi jiya da safe?"

"Janairu ne fa, likita. Wa bai ji ba?"

Tuulikki ta juyo ta dube shi. Jiya ya hana ta rako shi, ya fita da wuri wai zai kankare ƙanƙarar gilashin mota. Motar kuwa a gareji ta kwana.

"Idan ba sanyi ba ne, sai mu yanki nama a wuyan mu gwada," in ji likita.

Reijo ya shafa tsohon tabonsa. "Tsoma jiki kawai na yi. Ko kaina ban sa ba."

"A ramin nan da ake fasawa a ƙanƙarar tafki don wanka?" in ji matarsa. "Wanda ka rantse ka bari tun da aka fara maka magani?"

"Haba, tsohuwa. An ce kar in ci, kar in yi gudu. Wa ya hana wanka?"

"An kuma ce ka zauna cikin ɗumi," in ji likita. "Za mu sake hoton ranar Litinin."

Reijo ya yi dariya, ya ɗauki hularsa. Tuulikki ba ta tashi ba.

"Ciwon zai iya ɓuya a cikin wannan hasken?"

"Zai iya. Shi ya sa za mu sake."

"To, ni zan kawo shi, naɗe cikin bargo."

Ta matso kusa da kwamfutar. A idonta, hagu ya ɗan fi dama haske.